Dajin Waza da Fadamar Logon: Tarihin Ruwan da Ya Tara Masunci, Makiyayi da Baƙo

A filin tarihi na wannan mako mun nufi arewa mai nisa ta ƙasar Kamaru, wancan siririn yanki da ya matsu tsakanin Najeriya da Cadi kafin ya kai bakin Tafkin Cadi. Duk direban da ya taɓa ɗauko kaya daga Marwa ko daga Banki zuwa Kuseri ya san wurin. In ka bar Mora, duwatsun Mandara suka koma bayanka, ƙasa ta shimfiɗe kamar tabarma, to bayan kamar kilomita 60 sai ka hango wasu duwatsu tsaye su kaɗai a fili. Nan ne Waza. A hannunka na dama, wato gabas, gandun namun daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 1,700. Bayansa kuma sai babbar fadamar kogin Logon, wadda Fulani ke kira yayre.

Akwai lokacin da Turawa ke sauka filin jirgin saman Marwa da jakunkuna a baya da na'urar ɗaukar hoto a wuya. Su taka duwatsun Kapsiki da ƙafa, su shiga Waza kallon giwa da raƙumin dawa, su ƙarasa Maga kallon dorina da kamun kifi. Yau wannan hanya ta yi shiru. Abin da za mu bi diddiginsa shi ne yadda aka yi wurin ya cika, yadda aka yi ya watse, da kuma inda abin ya taɓa mai shanu da mai kaya.

Ruwan da ke zuwa daga nesa

Damina a Waza gajeriya ce, wata uku zuwa huɗu ta wuce. Ruwan da ke riƙe da yankin daga kudu yake zuwa. Kogin Logon ya samo asali ne daga tudun Adamawa, wajejen Ngaundere, da kuma arewacin Afirka ta Tsakiya, inda ake ruwan sama mai yawa. Yana gangarowa ta Mundu da Bongor da Yagwa, ya zama iyaka tsakanin Kamaru da Cadi, sannan ya haɗu da kogin Shari a tsakanin Kuseri da Njamena. A watan Satumba da Oktoba, lokacin da damina ke sallama a arewa, sai kogin ya cika ya tumbatsa, ya malale kan ƙasa mai yumɓu wadda ba ta shan ruwa da sauri.

Wannan malala ita ce kalandar yankin tun kaka da kakanni. In ruwa ya hau, kifi ya bi shi ya shiga cikin ciyawa, ya yi ƙwai, 'ya'ya su yi ƙiba da abin da ƙasa da kashin shanun bara suka bari. Ciyawa mai saiwa irin su burgu da shinkafar daji su tashi tare da ruwa. Daga Nuwamba ruwa ya fara janyewa, kifi ya nemi komawa kogi, masunta su tare shi a hanya. Ƙasa na bushewa shanu su shigo. Daga baya a sa wa busasshiyar ciyawa wuta, saiwar da ke ƙarƙashi ta sake toho ɗanye shar a tsakiyar rani, lokacin da ko'ina ya bushe. Namun daji ma wannan toho suke bi. Masu binciken kiwo sun ƙiyasta shanu fiye da 200,000 ke shiga fadamar kowace shekara, na Fulani da na Larabawan Shuwa, wasu daga cikin Kamaru, wasu daga Najeriya da Nijar.

Kun ga ke nan tarwaɗa da saniya da maraya a akushi ɗaya suke ci. Mu riƙe wannan, domin duk abin da zai biyo baya a kansa ya rataya.

Masu wurin

Baƙon da ya shigo da mota yakan ɗauka daji ne da babu kowa. Amma tudun ƙasa da ake gani jefi-jefi a cikin fadamar, da yawansu kufai ne na mutanen da ake kira Sao, waɗanda suka bar manyan tuluna da gumakan yumɓu. Kotoko ne ke cewa su jikokinsu ne. Sun gina birane masu ganuwa a bakin ruwa, irin su Logon Birni da Kuseri da Gulfe da Makari, kowane da sarkinsa. Kamun kifi a wurinsu da doka yake: akwai masu kula da ruwa da ke faɗin ranar da za a shiga tafki da ranar da za a bari. Suna da wani babban jirgi na katako da ake ɗinkewa da igiya, ana ce masa zemi, da ƙatuwar koma mai kusurwa uku a gabansa, a tsoma ta a ruwa a ɗaga da sanda.

Daga kudu akwai Musgum, manoma kuma masunta, masu ɗakunan laka dogaye masu tsini, da zane a jiki wanda ke zama matakala in za a yi yaɓe. Larabawan Shuwa sun shigo da shanunsu daga gabas ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Fulani suka kafa lamidanci a Marwa da Bogo da Mindif bayan jihadin farkon ƙarni na 19.

Bahaushe kuwa ta ƙofa biyu ya shigo. Ta farko fatauci: goro da tufafi su yi gabas, banda da busasshen kifin nan da ake kira salanga da fata da shanu su yi yamma. Ta biyu hanyar Makka. Alhazan ƙafa daga Kano da Katsina da Damagaram sukan bi ta Dikwa su tsallake ruwa a Kuseri su nufi Sudan. Wasu guzuri ya ƙare, suka tsaya neman na gaba, suka yi aure, tafiya ta zama zama. Unguwannin Hausawa da ke garuruwan wannan hanya da yawansu haka suka samo asali.

Turawan farko da abin da suka tarar

Bature na farko da ya zo wannan yanki da kansa ya bar labarinsa a rubuce shi ne Dikson Denham, ɗan Ingila. A 1823 ya bi wata runduna daga Barno zuwa Mandara, aka ci su da yaƙi, ya tsira da ƙyar. A 1824 ya kai Logon Birni. Bayansa sai Bajamushe Hainrik Bart, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim. A ƙarshen 1851 shi da abokinsa Oberweg suka bi rundunar Shehu Umar na Barno zuwa ƙasar Musgum. Bart ya bayyana ƙasa mai albarka, cike da gonaki da rumbuna da ruwa kwance, da giwaye a daji, kuma ya yada zango a gindin duwatsun Waza a kan hanyar komawa. Amma rundunar da ya bi ta kamun bayi ce. Da idonsa ya ga an ƙone ƙauyuka, an kashe maza, an kora mata da yara zuwa Kukawa.

Wannan yana da muhimmanci ga mai son ya gane dalilin da ya sa wasu wurare suka zama daji. Tsakanin Barno da Mandara da Bagirmi da lamidancin Fulani akwai filayen da kowa ke kai hari, babu mai iya zama da kwanciyar hankali. Inda mutum ya guje wa mashi, nan naman daji ke yaɗuwa. Haka kuma mutanen duwatsun Mandara ba don sha'awa suka hau can ƙololuwa suka jera duwatsu suka yi gonaki hawa-hawa ba. Doki ba ya hawa dutse, shi ya sa.

Ƙarshen ƙarnin ya zo da masifu biyu. Wajen 1890 cutar bushiya ta ratso daga gabashin Afirka ta share garkuna, ta haɗa da ɓauna da sauran namun daji masu kofato. Sannan Rabe ya ci Barno a 1893 ya zauna Dikwa, har Faransawa suka kashe shi a yaƙin Kuseri ranar 22 ga Afrilu 1900. Kwamandansu Lami shi ma a nan ya mutu, aka sa wa sansanin da suka kafa a tsallaken kogi sunansa, Fort Lami. Shi ne garin da aka mayar Njamena a 1973.

Iyaka a takarda, iyaka a daji

Jamusawa suka karɓi yammacin Logon, suka ci Marwa da yaƙi a 1902. Ba su daɗe ba. A yaƙin duniya na farko sojojinsu suka maƙale a kan dutsen Mora, aka kewaye su fiye da shekara, sai a Fabrairu 1916 suka miƙa wuya. Ingila da Faransa suka raba ƙasar. Dikwa da Gwoza da Madagali da Mubi suka faɗa hannun Ingilishi, Mora da Marwa da Kuseri hannun Faransawa. A ƙuri'ar Fabrairu 1961 ɓangaren Ingilishi na arewa ya zaɓi Najeriya. Shi ya sa yau iyaka ta ratsa tsakiyar duwatsun Mandara, ta raba Kapsiki da 'yan uwansu Higi, ta raba kasuwa da masu cinta, ta raba mashayar rani da makiyayar damina.

A zamanin Faransa ne aka fara zuwa yankin don kallo kawai. A 1926 wani marubucinsu, Andre Jid, ya bi Logon da jirgin ruwa, ya yaba ɗakunan Musgum a littafin tafiyarsa, ya ratsa ta Marwa zuwa kudu. Labarinsa ya sa sunan yankin ya shiga kunnuwan mutanen Faransa. A 1934 gwamnatin mulkin mallaka ta keɓe dajin Waza, ta hana farauta sai da izini. Bayan samun 'yanci, gwamnatin Ahmadu Ahijo ta mayar da shi cikakken gandun ƙasa a 1968, aka hana kiwo da su da sare itace a ciki. A 1970 aka buɗe makarantar horar da ma'aikatan gandun daji a Garwa, wadda ɗalibai daga Nijar da Cadi da sauran ƙasashe masu magana da Faransanci ke zuwa, Waza kuma ta zama musu filin koyon aiki. A 1979 hukumar UNESCO ta sa gandun cikin jerin wuraren da take kulawa da su a duniya.

A nan aka samu sabon abu. Da, sarki da mai kula da ruwa ne ke faɗin wanda zai shiga da lokacin da zai shiga. Yanzu an ja layi an ce daga nan zuwa nan na gwamnati ne. Ƙauyukan da ke gefen layin, na Kotoko da Musgum da Shuwa da Barebari da Fulani, sun wayi gari tafkunan da kakanninsu suka yi su a ciki da wuraren da suke ɗiban ƙaro da ciyawar jinka sun zama haram. Mutumin da jiya masunci ne, yau in an gan shi da koma a wurin sai a ce ɓarawon daji.

Zamanin baƙi

Daga shekarun 1960 zuwa na 1980 Waza ita ce gandun da aka fi sani a duk wannan sashe na Afirka. Ana buɗe ta wajen tsakiyar Nuwamba in hanyoyi sun bushe, a rufe da faɗuwar damina. Lokacin da ya fi kyau shi ne Maris da Afrilu, tsakiyar bazara, sa'ad da ruwa ya rage sai a 'yan tafkuna, dabbobi kuma dole su taru a kansu. Baƙo yakan kwana a ɗakunan da aka gina kan dutsen Waza, da asuba ya shiga da mota tare da ɗan jagora daga ƙauye, wanda ke karanta sawu a ƙasa kamar yadda malami ke karanta allo.

Yammacin gandun daji ne na marke da ɗanya da tsamiya. Tsakiyarsa dushe ne, inda raƙumin dawa ke kiwo, giwaye kuma suna karya rassa. Gabas sai fili fetal na yayre, inda maraya da dari ke tsayawa dubbai. Akwai gwanki da barewa da mugun dawa da kura da zaki da jimina. An ƙirga tsuntsaye iri 379 a gandun da kewayensa: gauraka da tuje da dinya da kirinjijiya da kwasakwasa da borin tinke, da waɗansu da ke tasowa daga Turai su tsallake Sahara su yi hunturu a nan. Giwayen kuwa ba su san iyaka ba. Da rani wasu kan yi arewa zuwa ƙaramin gandun Kalamaluwe kusa da Kuseri, da damina wasu su yi kudu wajejen Mindif da Kaele su faɗa gonakin dawa.

Masu son tafiyar ƙafa kuma Mokolo suke nufa, daga nan su wuce Rumsiki, inda duwatsu suka miƙe sama kamar tabarya, ana hango Najeriya daga bakin kwari. Sukan yi kwana uku ko biyar suna bi ƙauye ƙauye, jaki na ɗauke da kaya, su kwana a gidajen mutane, su je wurin bokan da ke duba da ƙaguwa. A ɓangaren Najeriya na waɗannan duwatsu ne Sukur take, kusa da Madagali, wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999 saboda gonakinta na hawa-hawa da hanyoyinta na dutse da tarihin ƙira.

Wa ya ci riba? Direba ya ci, mai masauki ya ci, ɗan jagora ya ci. Dukawa da maƙera da masu rini na kasuwar sana'a ta Marwa sun ci, domin baƙo ba ya komawa sai da jakar fata ko takalmi ko wuƙa mai kube, kuma Hausawa na cikin masu wannan ciniki. Mai shanu kuwa abin da ya fi gani shi ne zaki ya fito daga gandu ya kashe masa saniya, babu wanda zai biya shi. In kuma garkensa ya tsallaka layi don neman ruwa, to tara ce. Kuɗin ƙofa yana tafiya baitulmali, asara tana kwana a ruga. Daga nan ƙiyayyar ta fara, wasu suka shiga sa guba a mushe.

Shekarar da aka tare ruwa

A 1979, shekarar nan da UNESCO ta karrama Waza, aka gama wani aiki a kudancin fadamar. Kamfanin noman shinkafa na gwamnati, SEMRY, ya gina madatsar ƙasa mai tsawon kilomita 27 a Maga, ya tare ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Mandara da wanda ke fitowa daga Logon, aka kuma yi jinga a gaɓar kogin don kada ya malala cikin gonaki. Niyya mai kyau ce. An sha yunwar 1973, ana son ƙasa ta ci da kanta. Tafkin Maga ya samu, shinkafa ta samu, kifi da dorina suka zauna a tafkin, har masu kamun kifi da ƙugiya don nishaɗi suka samu wurin zuwa.

Sai dai ruwan da aka tare, ruwan wasu ne. Yammacin fadamar, har da ɓangaren da ke cikin gandun, ya daina samun malala. Abin ya zo daidai da shekarun fari, musamman 1984, lokacin da kogin kansa bai cika ba. Ciyawa mai saiwa ta mutu, ciyawar shekara ɗaya ta maye gurbinta, wadda ke bushewa tun Disamba kuma ba ta toho bayan wuta. Tafkunan kifi suka ƙafe. Masunta da yawa suka tashi suka koma bakin Maga ko Tafkin Cadi. Makiyaya suka matsu a ɗan abin da ya rage, wasu suka tsallaka Cadi. Bushiya kuma ta dawo a 1982 da 1983, duk da babban gangamin allurar da ƙasashen tafkin huɗu suka fara tun 1962.

Namun daji ma haka. Maraya, wadda aka ƙirga fiye da 20,000 kafin madatsar, ta koma 'yan dubbai kaɗan. Gwambaza, wadda ba ta nisa da ruwa, ta ƙare ƙaf a gandun. Aka koma haƙa tafkuna da injin ana zuba musu ruwa don abin da ya saura ya rayu. Tsofaffi sun ce ruwa ba ya tsami banza. A nan dalilin a fili yake: wanda ya zana aikin ya ƙirga buhunan shinkafa, bai ƙirga kwandunan kifi da ƙoren nono da ke ƙasa da madatsar ba, saboda waɗannan ba sa shiga littafin ofis.

Da aka buɗe ƙofa

Gyara ya zo bayan shekara 15. Gwamnatin Kamaru da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, da taimakon kuɗin ƙasar Holan, suka kafa aikin Waza Logon. A 1994 aka fasa jingar a kusa da Tekele, aka bar wani tsohon rafi ya sake ɗaukar ruwa zuwa fadama. A 1997 aka buɗe na biyu. Ba wani babban injin aka kawo ba, hanyar ruwa ce aka mayar masa. Cikin 'yan shekaru ciyawa mai saiwa ta fara dawowa, kifi ya dawo, tsuntsaye suka dawo, maraya ta haura zuwa wajen 5,000. Makiyaya suka dawo da garkuna fiye da da.

Amma dawowar ruwa ta zo da nata rikicin. Ikon masu kula da ruwa na gargajiya ya riga ya yi rauni, mutane kuma sun ƙaru. Kowa ya shiga haƙa tasa doguwar kwata daga tafki zuwa kogi, ya ɗaura raga a bakinta, don in ruwa na janyewa duk kifin ya faɗo hannunsa. Kwatocin suka kai dubbai. Suna zuƙe fadama da wuri, suna kama kifi tun bai girma ba, suna kuma datse burtali, saniya ta faɗa ta karye ko ta rushe bakin kwata a kai mai ita gaban hukuma. Zaki kuwa bai farfaɗo ba. Binciken da aka yi wajen 2002 ya ba da tsakanin 40 da 60, wanda aka yi bayan shekara shida ya ba da manya tsakanin 14 da 21.

Bindiga ta shigo

Tun shekarun 1990 'yan fashin da ake kira zargina suka addabi hanyar Mora zuwa Kuseri. Su tare motocin 'yan kasuwa ranar kasuwa, su sace 'ya'yan makiyaya a nemi fansa da shanu. Har ta kai sai da rakiyar soja ake wucewa. Duk da haka baƙi ba su daina zuwa ba, sai ranar 19 ga Fabrairu 2013. A ranar ne 'yan Boko Haram suka kama wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya, huɗu daga cikinsu yara, a kusa da Dabanga, suna fitowa daga kallon namun daji a Waza. An sake su bayan wata biyu. A Mayu 2014 aka kai hari sansanin masu gyaran hanya a Waza aka tafi da 'yan Sin goma, sai a Oktoba suka samu kansu. Ƙasashen Turai suka hana mutanensu zuwa yankin. Masaukai suka rufe, 'yan jagora suka koma gona, a Rumsiki yara suka daina jiran mota.

Ku lura da kyau, masu sauraro. Shekarar da baƙo ya daina zuwa ita ce shekarar da ɗan kasuwa ya fara rasa hanya. A 2014 Gamboru da Banki suka faɗa hannun 'yan bindiga, aka rufe mashigar Fotokol da ta Amshide. Shanun Cadi da ke bi ta nan zuwa Maiduguri suka koma zagaye mai nisa, kuɗin hanya ya ninka, garkuna da dama aka kore su da bakin bindiga. Mutanen Gwoza da Bama suka cika sansanin Minawawo kusa da Mokolo. Makiyayan da suka rasa makiyayar yammacin iyaka suka turo cikin fadama da cikin gandun kansa.

Matsi ya yi matsi, sai abin ya fashe tsakanin maƙwabta. A Agusta 2021, a ƙasar Logon Birni, faɗa ya tashi tsakanin masunta Musgum da makiyaya Shuwa a kan ramukan tara ruwa da kifi da shanu ke faɗawa. A Disamba ya sake tashi, ya kai har cikin Kuseri, aka lalata kasuwar shanu. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a rikicin Disamba kaɗai an kashe mutum 44, an ƙone ƙauyuka 112, dubun dubata suka tsallaka kogi zuwa Cadi. Mutanen da kakanninsu suka yi musayar nono da kifi ne suka ɗauki makami a kan rami.

Abin da tarihin ya bar mana

In muka jera shekarun nan, 1934 da 1968 da 1979 da 1994 da 2013 da 2021, abu uku ke fitowa.

Na farko, duk shawarar da aka yanke a kan ruwan sama da kogi, a ƙasa ake biyan kuɗinta. Logon ya ratsa ƙasa uku, kuma tun ranar 22 ga Mayu 1964 Kamaru da Cadi da Nijar da Najeriya suka kafa Hukumar Tafkin Cadi don irin wannan magana. In kun ji ana batun sabuwar madatsa ko jinga ko babbar gonar ban ruwa a kan kogin da kuke sha, ko Logon ne ko Komadugu ko Kwara, to ƙungiyar makiyaya da ta masunta su nemi kujera tun ana zane. In an zuba ƙasa an gama, kuka ba ya fasa jinga. Na Maga ya ɗauki shekara 15 kafin a buɗe 'yar ƙofa.

Na biyu, gandun da maƙwabtansa ba su ga amfaninsa ba, ba ya tsayuwa. Ma'aikata kaɗan ba za su tsare kilomita 1,700 ba in ƙauyukan gefe sun juya baya. Haka kuma mai shanu ya sani, in ya sa wa zaki guba, ungulu da kura da karen ruga duk suna ci su mutu, kuma ya rufe wata ƙofar abinci da ɗansa ko ƙanensa zai iya ci a cikinta gobe. Zariba mai ƙarfi da dare da babban mutum a bayan garke sun fi guba sauƙin asara.

Na uku, hanyar da baƙo ke bi ita ce hanyar da kaya ke bi. Baƙo ne farkon gudu, shi ne kuma na ƙarshen dawowa. Ranar da kuka ga an sake tsayawa a gindin dutsen Waza ana ɗaukar hoton raƙumin dawa, to ku san motar albasa da ta shanu sun riga sun yi watanni suna wucewa lafiya.

Ruwan dai har yanzu yana zuwa kowane Satumba, wata shekara ya yi kaɗan, wata ya yi yawa har ya ci gidaje a Yagwa da Kuseri. Raƙuman dawa na nan a cikin dushe, gauraka na nan tana sauka. Abin da ya rage shi ne a zauna kafin ruwa ya janye, ardo da bulama da sarkin ruwa da ma'aikacin gandu, a nuna inda burtali ya bi, inda za a haƙa da inda ba za a haƙa ba. Kakanni sun yi haka ba tare da takarda ba.

Nan muka kawo ƙarshen filin na wannan mako. Muna gaida masu kiwo a yayre da masu jiran layi a gadar Ngeli da duk wanda dare ya yi wa a hanya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye dukiya, ya kai kowa gida lafiya.